Makon farko a aji: ka san yaranka kafin ka buɗe manhaja

A yawancin makarantun firamare na gwamnati a Sakkwato, makon farko na sabuwar shekarar karatu a shara yake ƙarewa. Yara su zo da fartanya da tsintsiya, a nome ciyawar da damina ta tsirar a fili, a kori awakin da suka mai da baranda wurin kwana, kafin ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya kama gabansa. Malamai kuwa suna inuwar dogon yaro, ana jiran jadawali ya fito daga ofishin hedimasta. Shara dole ce, amma aikin safiya ɗaya ne. Sauran kwanakin su ne kaɗai lokacin da ba mai bin malami bashin darasi, kuma a cikinsu ne zai iya sanin su wa aka damƙa masa: sunan kowa, wa ke iya karatu da gaske, wa ke bin baki kawai, wa ba ya hangen allo, wa zai ɓace ranar kasuwa. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Mu kuwa mukan ɗauko manhajar aji huɗu mu zuba wa yaran da da yawansu ba su gama rarrabe b da d ba, sannan a ƙarshen zango mu ce ba su da ƙoƙari.

Abin da ke biye an tsara shi ne don aji mai cunkoso da ƙarancin kayan aiki. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, amma duk wanda ya koyar a cikin gari ya san ana ninka wannan adadi har a ɗora.

Kafin yara su shigo

Ka tanadi kwalaye daga masu shago, da murafen kwalba, da tsinken tsintsiya mai yawa, da robar ɗauri, da alƙalamin maka guda biyu. Ka duba inda rufin kwano ke yoyo, domin a Satumba ruwa bai gama ɗaukewa ba, kada ka jera yara a ƙarƙashinsa. Idan allo ya koɗe, a sa masa baƙin fenti. In babu, a daka gawayi a kwaɓa da ɗan ƙaro a shafa, kada a tura yara fasa tsohon batir. Sannan ka nemi malamin da ya riƙe ajin bara, ka karɓi tsohuwar rajista, ka saurari abin da zai ce. Saurare kawai. Idan ya ce wane daƙiƙi ne, ka riƙe a ranka cewa ba ka gwada shi ba tukuna.

Litinin: sunaye

Ka riga yara zuwa, ka tsaya a bakin ƙofa kana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka buɗe sabuwar rajista yau. Ka yi amfani da tsohon littafi da fensir, domin yara za su yi ta ɗigowa har makonni, wasu kuma za a mai da su wani ajin.

Kowane yaro ka tambaye shi abu uku: sunan yanka, sunan da ake kiransa a gida, da sunan mahaifinsa da unguwarsu. Na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yarinyar da aka sa wa sunan kakarta, tun ranar suna ba wanda ya sake furta shi a gidan saboda alkunya. Inno ake ce mata, ko Ummi, ko Mama. Sai ka kira Maryam sau uku tana kallonka, ka ɗiga mata fashi, alhali ga ta zaune a gabanka. Ka rubuta duka biyun, ka riƙa haɗa su wajen kira har ta saba. Masu suna ɗaya kuwa, su A'isha da Abubakar da Bello da ba a rasa uku-uku a aji, ka bambance su da sunan uba. Kada ka kuskura ka ce Gajere ko Baƙa. Laƙabin da ya fito daga bakin malam ranar farko har sakandare zai bi yaro.

Daga nan sai wasa. A ƙudundune tsumma a ɗaure ya zama ƙwallo, yara su yi da'ira a inuwa, wanda ya cafe ya faɗi sunansa da abincin da ya fi so, ya jefa wa wani. A zagaye na biyu sai ya fara faɗin sunan wanda zai jefa wa. Idan ajin ya kai tamanin, a raba da'ira huɗu, kai kana zagayawa. Bayan an koma ciki, ka yanka kwali tsawon tafin hannu, ka rubuta wa kowa sunansa da manyan baƙaƙe. 'Yan aji uku zuwa sama su rubuta da kansu. Daga gobe za ka riƙa baza katunan a tabarma da safe, kowa ya nemo nasa. Katin da ya rage, mai shi bai zo ba. Ka ga an kira suna ba tare da ɓata rabin sa'a ba, ɗan aji ɗaya kuma ya fara gane baƙin farko na sunansa.

Sababbin shiga sai an zaga da su: ga banɗaki, ga inda ake shan ruwa, ga iyakar makaranta, ga ƙarfen da ake bugawa idan an tashi tara. Mai kuka a bar shi kusa da yayansa ko ɗan unguwarsu na kwana biyu, ba abin da zai ragu. Yaron da ya yi gum ba ya amsa komai, ka bincika kafin ka yanke hukunci, mai yiwuwa daga ruga ya fito ko Bazabarme ne, Hausar ba ta zauna a bakinsa ba. Ka nemo mai jin harshensa ka zaunar da su tare. Kai ma in ka ce masa "Jam waali" da Fillanci ko "Fofo" da Zabarmanci da safe, za ka ga fuskar ta saki.

Kada a kori kowa saboda ba shi da yunifom ko littafi. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Yaron da aka kora a makon farko, sau da yawa talla ko gona ce ke karɓar sa.

Talata: yadda za a zauna tare

Dokoki kada su wuce biyar, kuma yara ne za su kawo su. Ka tambaye su me ke ɓata musu rai a aji. Za ka ji: "Malam, wane shina ɗauke min fensir," "Malam, manya na ture mu daga benci." Daga bakinsu za ka tsamo dokokin, a rubuta a kwali a manna, kowa ya dangwala yatsa a garin alli ya sa hannu.

Abin da ya fi dokokin amfani shi ne maimaita ƙananan abubuwan da ake yi kullum har su zama jiki. Yadda ake shiga aji layi-layi. Yadda ake raba littattafai daga kan benci zuwa ƙarshensa. Yadda ake neman izinin fita. A yi, a sake, kana ƙirge da ƙarfi, su kuma suna ƙoƙarin rage adadin da aka kai ɗazu. Ga alamar yin shiru, ba sai ka fasa maƙogwaro ko ka doki tebur ba. Ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su ce "Ta zo mu ji ta," a yi tsit. Kunnensu ya riga ya saba cewa bayan wannan amsa saurare ake yi.

Ni dai a ganina, monitan da ake ba bulala da takardar rubuta masu surutu ya kamata a yi ritayarsa. Ba abin da yake koya sai cin zali da karɓar toshiyar gyaɗa. A raba ayyuka, mai share allo, mai raba littafi, mai rufe taga, mai tara katunan suna, a riƙa juyawa kowane mako. Tsintsiya kuma kada ta zama gadon mata kaɗai.

Wajen zama, tsawo za a bi, ba ƙoƙari ba. Idan benci bai isa ba, a riƙa karɓa-karɓa da masu tabarma, kada 'yan mata su dawwama a ƙasa ko can ƙurya. Yau ne kuma za ka gwada ido da kunne. Ka rubuta baƙaƙe ko ka zana kifi da ƙwarya da girman rubutunka na kullum, yaro ya tsaya a bangon baya ya rufe ido ɗaya ya faɗa. Mai ƙanƙance ido ko mai matsowa, gaba zai zauna, a kuma gaya wa iyayensa. Na kunne, ka tsaya a bayansa ka kira sunansa a hankali. Yara da yawa da ake duka kan taurin kai, ji ne ba sa yi sosai.

Laraba da Alhamis: gwajin karatu, ɗaya bayan ɗaya

Nan ne zuciyar makon. Idan ka rubuta jimla a allo ka karanta, aji ya amsa da murya ɗaya, sai ka ji daɗi ka ce sun iya. Ba su iya ba. Yaranmu sun fito daga makarantar allo da kaifin hadda, abin da suka ji sau biyu sun riƙe shi. Baiwa ce babba, amma tana ɓoye wanda bai san baƙi ko ɗaya ba. Ba ka gane shi sai ka keɓe shi, ka ba shi abin da bai taɓa ji ba.

Hanyar da zan kawo ta samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya, wadda ta yi suna wajen koyar da yaro daidai matakin da yake, ba matakin da sunan ajinsa ya ce ba. Ka shirya kwali mai kashi huɗu: baƙaƙe da wasula guda goma a barbaje, ba a jere ba, kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, rana, tuwo, ƙofa, ɓera, ɗan sakin layi mai jimla huɗu, sai gajeren labari na layi takwas zuwa goma. Sakin layin zai iya zama kamar haka: "Bello yana da akuya. Akuyar tana da ɗa fari. Kullum yana kai su bakin gulbi. Da yamma su dawo gida." Ka yi kwali iri biyu ko uku kana sauyawa, in ba haka ba na goma a layi zai rera maka abin da ya ji daga bakin na farko.

Ka zauna a baranda ko bakin ƙofa inda kake ganin aji, ka kira yaro ya zauna kusa da kai. Kada kalmar jarabawa ta fito daga bakinka. Ka ce, "Zo ka taya ni duba wannan." Ka fara da sakin layi. Idan ya karanta shi a matsayin jimloli, bai yi kuskure fiye da uku ba, ka haura da shi zuwa labari, ka yi masa tambaya ɗaya ko biyu a kan abin da ya karanta. Idan ya kakare, ka sauko kan kalmomi, ya zaɓi biyar da kansa. Ya samu huɗu, yana matakin kalma. Bai samu ba, ka sauko kan baƙaƙe da wannan ƙa'ida. Wanda bai kawo huɗu ba a nan, mafari ne. Matakai biyar ke nan: mafari, baƙi, kalma, sakin layi, labari. Ka ɗiga alama a gaban sunansa, ka ce madalla, ya tafi. Kada ka gyara masa, kada ka koyar, kada fuskarka ta nuna komai. Yau awo kake yi.

Minti uku ya ishi yaro ɗaya. Aji mai yara tamanin zai ci sa'a huɗu, shi ya sa aka ware kwana biyu, kuma da safe kafin kwano ya ɗau zafi. Sauran yaran ka ba su aiki: kowa ya zana gidansu da mutanen ciki, ko hanyarsa daga gida zuwa makaranta. Wanda ba shi da takarda ya zana a bayan kwali. Ka karɓi zanen, domin shi ma yana magana. Za ka ga wanda bai taɓa riƙe fensir ba, da wanda tafiyarsa ke da nisa har da tsallake ruwa.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman a nan. Na farko, littattafan makaranta da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, yaro kuwa Sakkwatanci ya sha a nono. Idan ka nuna masa "biyar" ya ce "biyat", ko "fari" ya ce "hwari", ko "yana" ya ce "shina", kada ka lissafa shi kuskure. Ya karanta, ya fahimta, ya mai da shi bakinsu. Ƙa'idar rubutu za ta zo daga baya, ba tare da an sa shi jin cewa maganar gidansu gurguwa ce ba. Na biyu, za ka ga masu buɗe littafi daga baya suna bin layi daga dama. Wannan ba dolanci ba ne, tarbiyyar allo ce. Ka tambaye shi inda ya kai a can. Yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru ya riga ya san cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da ba, bi, bu. Abin da ya rage ka nuna masa surarsu a boko, ka ƙara masa be da bo, ka ce wannan rubutun daga hagu yake tashi. Irin waɗannan cikin 'yan makonni suke tsallake mataki biyu.

Ka lura kuma da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin nan ne ko masu karanta labari ke tuntuɓe: kafa da ƙafa, baki da baƙi, daka da ɗaka.

Lissafi ma haka za a bi da shi, a zama ɗaya in lokaci ya bari. Ya gane lamba 1 zuwa 9? Ya gane 10 zuwa 99? Zai iya ɗebewa mai aro? Zai iya rabawa? Ba shi 52 a ɗebe 27. Da yawa za su rubuta 35, domin sun cire ƙaramar lamba daga babba a kowane gida. Kafin ka sallame shi, ka ce, "Ka sayar da gyaɗa ta naira 150, an ba ka 500, nawa ne canji?" Sau da yawa kafin ka rufe baki ya ce 350. Wannan ya iya lissafi, rubuta shi ne bai iya ba, kuma maganinsa daban ne da na wanda bai san ƙirga ba. A nan tsinken tsintsiya ke shigowa. A ɗaure goma-goma da roba. 52 ƙulli biyar ne da tsinke biyu. A ce ya cire bakwai daga biyu, ya ga ba hali, sai ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa. Aron da ake ta faɗa masa shekara biyu, yau ya gan shi.

Da yammacin Alhamis ka zauna da takardarka ka raba ajin gida uku: mafara da masu baƙi, masu kalma, sai masu sakin layi da labari. Ka ba su sunayen da ba sa nuna fifiko, kamar Giginya da Tsamiya da Kuka. Kada ka karanta sakamako a gaban aji. Ka kuma tambayi hedimasta ko akwai ragowar littattafan Mu Karanta a sito, waɗanda aka samar wa aji ɗaya zuwa uku a Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar USAID ta Amurka. A wasu makarantun suna nan a ɗaure cikin kwali, gara na yi musu hidima.

Abin cike gurbi idan rana ta take

Bayan an dawo tara hankalin yara ya rabu, sai a sassauta. Kacici-kacici na aiki a kowane aji: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, baba na ɗaka gemu na waje. Wanda ya ce tsintsiya ko hayaƙi, a rubuta amsar a allo a rarraba ta gaɓa-gaɓa da tafi. A fara tatsuniya a tsaya a tsakiya, kowane benci ya kawo yadda za ta ƙare. A kafa kasuwar aji da murafen kwalba a matsayin kuɗi.

'Yan aji biyar da shida su zana taswirar jiha a ƙasa da tsinke. A fara da alƙibla, tunda kowa ya san gabas, a sa Nijar a arewa, a nemo inda Kebbi da Zamfara suke, waɗanda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991 da 1996. A ga benci nawa zai iya kawo ƙananan hukumomi 23 ba tare da maimaici ba. A tura su gida su tambayi kakanni asalin sunan unguwarsu, ko abin da suka sani game da Nana Asma'u da jajinta da suka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da mata, gobe kowa ya ba da labari a tsaye. A kuma duba taken ƙasa, domin an sauya shi a watan Mayun 2024, har yanzu a wajen taron safe wasu leɓe kawai suke motsawa.

Juma'a: waɗanda ba su zo ba

Ranar gajera ce, ka yi amfani da ita wajen gwama tsohuwar rajista da sunayen da ka tara. Duk wanda ke cikin ta bara amma ba ka gan shi ba, ka tambayi 'yan unguwarsu. Yara sun san komai: wane yana gona ana girbin gero, wance zazzaɓi ya kwantar da ita, su wane sun tashi, wance an ce ta girma. Ka fi sa ido kan 'yan matan aji biyar da shida, nan ne suke zubewa.

Ka miƙa sunayen ga hedimasta da kwamitin kula da makaranta na al'umma, a roƙi liman ya yi sanarwa bayan salla, mai unguwa kuma ya sani. Inda ya kamata a taka, a taka. Malam ya samu uba a ƙofar gida bayan la'asar, malama ta shiga ciki wajen uwa. Kada a je da faɗa ko barazanar doka. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Baba, yaron nan na ga an dawo ban gan shi ba, na ce ko lafiya." Idan ya ce aikin gona ne, ka nemi a sake shi da safe ya je gona da yamma, ko a faɗa maka ranar da zai dawo. Uban da ya ga malam a ƙofarsa saboda ɗansa, da wuya ya ce a'a kai tsaye.

Lokacin sauro ne, saboda haka wanda ya zo jiki da zafi yana kwanciya a benci, a haɗa shi da babba a kai shi gida, a ce a je asibiti a gwada jini. Kada malam ya zama mai ba da ƙwaya.

Daga Litinin ta biyu sai a buɗe manhaja, amma a ware sa'ar farko ta kowace safiya ga rukunonin nan uku. Mafara suna wajenka da katunan baƙaƙe da gaɓoɓi, masu kalma suna haɗa jimla da katuna, masu labari suna karanta wa juna bibbiyu, bayan minti ashirin ka matsa gaba. Duk wanda ya zo a makare, ko a mako na huɗu ne, ka yi masa gwajinsa na minti uku ranar da ya zo, ka yanka masa katin suna. A tsakiyar zango ka sake gwada kowa da sabon kwali, wanda ya haura a matsar da shi, sannan ka maimaita kafin hutun Disamba. Takardar sakamakon ka ajiye ta cikin rajista da kwanan wata a kan kowane gwaji, domin ita za ka miƙa wa malamin da zai karɓi ajin baɗi.